Shekarar da Darar Turawa Ta Kusa Cinye Mini Suna

Wannan babin saboda ku ƙananan nake rubuta shi, don na san kun ji maganar a bakin mutane tun kafin ku ji ta a bakina. An ce muku akwai shekarar da aka kama babanku yana cutar mutane ta waya. Yayarku Memuna ta san yadda aka yi, da ita aka je ko'ina, amma ba ta son tada zancen. To ni zan tada shi sau ɗaya in ajiye. Ni ba mai karatu ba ne. Allo na yi shekara huɗu, sai ɗan bokon Hausa da na koya bayan gemu ya fito. In kun ga rubutun ya karkace, ku karanta shi a hakan.

Kun tashi kun gan ni a bayan teburin nama a kasuwar Maamobi, inda kakanku ya tsaya kafin ni. Sayar da nama kowa na iya yi. Abin da ya sa ake gaishe ni a lungunan nan shi ne rabon Babbar Sallah. Mutum bakwai su haɗu a kan sa ɗaya na layya, a yanka, sai a rasa wanda zai raba ba a yi faɗa ba. Ni ake kira. Rabon ba na sikeli kaɗai ba ne. Kowane kashi sai ya samu tsoka da ƙashi da kitse, ya samu hanta, ya samu tumbi, har wutsiya sai na san inda ta faɗa. In na gama jera kashi bakwai sai in juya baya, wani ya ɗora yatsa a kan kashi ɗaya ya ce na wane ne wannan, ni kuma in kira suna ban ga abin da ya nuna ba. Fiye da shekara ashirin ina wannan, daga Maamobi har cikin Nima, ba wanda ya taɓa biyo ni gida da ƙorafi. Gado ban bar muku fili ba, ban bar muku mota ba. Wannan sunan shi ne abin da nake da shi.

Banda wuƙa, abin da na iya shi ne dami, darar da ake bugawa a kan benci a gindin darbejiyar bayan masallaci. Tun ina saurayi nake zama a can. Sarkin wurin Baba Seidu ne, tsohon direban tirela, mutum mai bakin da ya fi hannunsa zafi. Dami ba wasan shiru ba ce. Ana buga ɗa a kan allo har ƙura ta tashi, ana zagin hannun mutum da na wanda ya koya masa, wanda aka cinye ya tashi a yi masa rakiya da ihu. Shekarar da hawan jini ya kayar da ni a gaban teburina, likita ya ce in rage gishiri in rage ihu. Gishirin uwarku Ajara ta ɗauke da kanta. Ihun kuma Memuna ce ta ce ta san maganinsa. Ta karɓi wayata ta sa mini ces, wadda ni nake kira darar Turawa, ta zauna kusa da ni sati guda tana nuna mini tafiyar kowane ɗa. Sunayen Turancin ba su zauna mini ba, sai na raɗa nawa. Sarki da sarauniya da doki an san su. Mai doguwar hula na kira shi fada, irin na coci, mai kama da ganga na kira shi rumbu, ƙananan na gaba kuma sojoji.

"Baaba, wannan ba a ihu," in ji ta. "Wanda kake wasa da shi yana can wata ƙasa, ko ka zage shi ba ya ji."

"To ina daɗin?" na ce.

Daɗin ya zo daga baya. Bayan Azahar, in kasuwa ta yi sanyi na wanke tebur, sai in goge maiƙon hannuna in zauna a kan buhu in buga. Wata uku ana ci na kamar tuwo. Daga nan na fara ci ni ma. Da Memuna ta ga haka sai ta sa ni cikin wata ƙungiyar masu ces ta nan birni, malaman makaranta da akawu da ma'aikatan banki, waɗanda ke yin gasa ta waya kowace Lahadi bayan La'asar. Suna da dandalin hira a waya, duk Turanci. Da farko ita ke karanta mini. Da ta yi aure ta koma unguwar Malam, can nesa da mu, sai na bar rubutun yana taruwa. Ni dai in lokaci ya yi in danna inda ta nuna mini, allo ya buɗe.

Bari in faɗa muku yadda nake wasa, don a nan zargin ya samo tushe. Farkon wasa ban san komai ba, har gobe. Masu karatu suna da littattafan da suka haddace, kowane buɗi da sunansa. Ni buɗi ɗaya gare ni. In tura sojan gaban sarauniya, in fito da dawakai, in kai sarki lungu in jera masa sojoji uku a gaba, yadda ake shigar da tsoho ɗaki in faɗa ya ɓarke a tsakar gida. Daga nan sai musaya. Ka kawo doki in ba ka doki, ka kawo fada in ba ka fada. Sarauniyar da mutane ke riƙewa kamar sarƙar zinariya, ni da na samu hanya nake musanya ta. Allo mai cike da kaya ruɗa ni yake yi, balle doki, wannan dabba mai tsallen karkace da ta ci mini sarauniya ba adadi. Amma in allo ya share, ya rage sarki da sarki da sojoji, to ka shigo gidana. Wannan ba ces ba ce kuma, dami ce. Mai dami ƙidayar taku ya iya. Na san in ka taka nan na taka can, wa zai riga wani kaiwa ƙarshen allo. Na san akwai tsayuwar da duk wanda taku ya faɗo kansa shi ne ya mutu, sai in ɓoye taku ɗaya na banza a aljihu in bar shi ya ƙare nasa. Na san yadda ake ba da 'ya'ya biyu don na uku ya wuce. Kuma ba na sallamawa. A bencinmu ba a tashi sai an cinye ka ƙarƙaf, don haka ko an ci mini rumbu ina nan, ina jira ka gaji ka yi sake. Mutane da yawa sun riga sun ci ni a zuciyarsu, suka tafi shan ruwa, suka dawo suka tarar sojana ya zama sarauniya. To ku haɗa wannan da agogo. A farko ina daɗewa ina zufa a kan taku marar kyau. A ƙarshe kuma, inda su suke daɗewa, ni ina taka daidai kafin su ɗauke yatsa.

Babban ƙungiyar wani dattijo ne, Ticha Kwate, tsohon malamin lissafi a Adabraka. Ban taɓa ganinsa ba, hotonsa kawai nake gani ƙarami a gefen allo. Wata Lahadi, saura kamar wata ɗaya Sallah, gasa ta haɗa mu. Ya matse ni tun daga farko, na yi ta musaya ina numfashi da ƙyar, har muka rage sarakuna da sojoji. Sarkinsa ya tafi can gefe yana cin sojojina. A ɗaya gefen sojojina uku suna fuskantar nasa uku. Na tura na tsakiya, ya ci. Na tura na gefe, ya ci. Na ukun ya wuce ba mai tare shi. Duk wannan bai kai lokacin da ake yanka albasa ba. Na ci wasan, na rufe waya, na tafi sallar Magariba ina jin daɗi. Na ga rubutu yana ta shigowa dandali ranar da washegari, dogaye, har da sunana a ciki, don sunana na iya ganewa. Na ɗauka barka ake yi mini. Kwana uku bayan nan na duba na tarar an cire ni.

Ban ma gane abin da ya faru ba sai da maganar ta zagayo ta ƙafa. Akwai wani akawu ɗan Nima a ƙungiyar da ya san ni, shi ya ba da labari a majalisarsu cewa an kori Awudu mahauci don yana magudi da na'ura. Mutanenmu ba su san ces ba, balle magudin ces. Abin da suka sani shi ne waya da cuta, kuma wannan suna ɗaya gare shi a nan: sakawa, damfarar da samari ke yi ta intanet. Kafin magana ta haura babbar kwata ta iso Maamobi, na zama mai sakawa, wai har Turawa na nemana. Ajara ce ta fara ji a wurin mai wakye, wato shinkafa da wake. Ta dawo ta ajiye kwanon da ƙarfi a gabana.

"Baban Memuna, me kake yi a wayar nan?"

"Dara."

"Dara ce ta sa mata suka yi shiru da na iso layi? Dara ce ta sa ake ce wa yarana 'ya'yan mai sakawa a makaranta? Shekara nawa ina wanke jinin shanu a rigarka ban ji kunya ba. Ka ɗauki abin nan ka jefa shi kwata."

Washegari Alhaji Mumuni, wanda nake raba wa gidansa sa tun ubansa na raye, ya tsaya gaban teburina. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi kasuwa, yana kallon naman bai kalle ni ba. Sannan ya ce bana yaran sun samo wani, kada in wahalar da kaina, ga hawan jini. Na ce to. Cikin satin gida uku suka aiko da irin wannan tausayin. Na je gindin darbejiya ko zan samu sauƙi, Baba Seidu ya hango ni tun daga nesa.

"Ku ɓoye wayoyinku, ga Sarkin Fawa!" ya ce. "Cale, abokina, ashe kana da kuɗin Turawa kake barinmu muna shan koko ba ƙosai?"

Aka yi dariya. Shi wasa yake yi, na sani. Amma na ga waɗanda ba su yi dariyar ba.

Memuna ta hawo trotro, motar haya, daga Malam ta zo ta zauna ta karanta mini rubutun duka. Ticha bai zage ni ba. Ya ce shekara arba'in yana wasan nan bai taɓa ganin mutumin da ke buɗewa kamar ɗan koyo ya rufe kamar inji ba. Ya ce akwai na'urar da ake tambaya ta faɗi taku, kuma wasana ya yi kama da na mai kunna ta in ya shiga matsi. Ya roƙe ni in rubuta dalilin da ya sa na ba da sojoji biyu. Ya sake roƙo. Ya ba ni kwana uku. Shiruna suka ɗauka amsa. Da Memuna ta gama karantawa ta ce za ta rubuta musu cewa babanta ba ya karanta Turanci, shi ke nan. Na ce in ta rubuta haka ban yafe ba. Wata shida ina cin masu digiri, suna zaton wani ne irinsu. Ban so su san da wa suke wasa ba. Wannan girman kai ne, na faɗa muku don ku san laifina a ciki. Kuma ko ta rubuta, sai su ce to, jahili ne, lallai na'ura ce. Kwana biyu ina juya abin. Ajara tana cewa in bar shi ya mutu da kansa, magana ba ta wuce kwana arba'in. Ni kuma na san irin wannan ba ta mutuwa, kwanciya take yi, ranar da ɗayanku zai nemi aure ta tashi. Na ce wa Memuna ta kira Ticha ta ce ina so mu buga ido da ido, ba waya. Ya yarda. Asabar da hantsi, a Adabraka, wasa uku a kan allon katako.

"In ya cinye ka fa?" in ji Ajara. "Yanzu zargi ne. In ya cinye ka a gaban mutane ya zama shaida."

"Na sani."

"Ka taɓa riƙe 'ya'yan nan a hannunka?"

Ban taɓa ba. Ban ma yi tunanin akwai bambanci ba.

Ranar na bar wa ƙanena tebur. Baba Seidu ya ce sai ya bi mu, wai bai taɓa ganin an yanka mahauci ba. Mu uku muka hau trotro, muka sauka muka taka sauran. Wurin wata baranda ce a bayan shagon buga takardu, ga warin tawada, ga fanka tana juyi a sama, maza kamar goma suna tsaye da rigunan guga. Ticha dogo ne, siriri, tabarau a rataye da igiya a wuya. Ya ba ni hannu da ladabi. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Turanci sosai, sai muka haɗu a Tonanci, yaren Asante. Na zauna na dubi allon. A waya komai a kwance yake, kana ganinsa daga sama kamar nama a tire. Nan kuwa 'ya'yan a tsaye suke, dogo yana ɓoye gajere, fada da soja kawunansu iri ɗaya. Layukan da nake gani a waya duk suka ɓace.

Wasan farko na kama sarauniya na ɗan gusar da ita don in leƙa abin da ke bayanta. Wani ya ce a nan abin da ka taɓa shi za ka taka. A dami muna shafa 'ya'ya muna tunani, ba wanda ke magana. Dole na taka ta, inda duk ta je akwai mai jiranta. Na ƙi sallamawa, ya bi ni a hankali ya gama da ni. Wasa na biyu na buga doki a kan allo da ƙarfi yadda hannuna ya saba, har sarkinsa ya faɗi, aka ce mini in yi a hankali, Masa, wato Maigida, nan ba kasuwa ba ne. Can na ɗauki fadansa a matsayin soja, na bar rumbu a hanyarsa. Wannan ma ya tafi. Wani a baya ya yi dariya ta hanci. Ticha ya cire tabarau ya goge da hankici.

"Masa Awudu, akwai amfanin na uku?"

Na miƙe tsaye. Ba na shirya maganar ba, fitowa ta yi.

"Ticha, rubutun da ka yi mini ban karanta ba don ban iya ba. 'Yata ce ta karanta mini bayan kun kore ni. Ni mahauci ne a Maamobi. Makarantarku ban shiga ba ko kwana ɗaya. 'Ya'yan nan ban taɓa ganinsu a tsaye ba sai yau. Na'urar da kake faɗa, ko ka ba ni ita ban san inda ake danna ta ba. Ka ce uku, mu yi uku."

Na dubi Memuna, kanta a ƙasa. Ta san ban iya Turanci ba tun tana yarinya, amma ba ta taɓa jin na faɗa da bakina a gaban maza ba. Wannan ya fi mini ciwo da wasa biyun.

Na ƙi komawa kujera. Na tsaya a kan allon ina kallonsa daga sama yadda nake tsayawa kan teburina, hannuwana a baya don kada su taɓa abin da ban aike su ba. Daga sama na fara gane kawunansu. Na kai sarki lungu. Ya kawo doki na ba shi doki. Ya ci mini soja ɗaya a banza, na haɗiye. Ya so ya ɓoye sarauniyarsa, na bi ta har muka yi musaya. Da rumbunan ƙarshe suka fita, idona ya buɗe kamar an ɗaga labule. Yana da sojoji biyar, ina da huɗu, amma biyu daga nasa suna layi ɗaya, wani bayan wani kamar masu jiran trotro, na bayan ba ya aikin komai. Sarkina ya riga nasa isa tsakiya, suka tsaya suna kallon juna. Na ƙirga. Sai bakin dami ya kwace mini.

"Ticha, kana da taku biyu na banza, ina da uku. In naka suka ƙare dole sarkinka ya matsa, ni kuma in shiga in ci na gefen nan. Ka duba da kyau, ba sauri nake ba."

Aka ce in yi shiru, ba a magana. Ticha ya ɗaga musu hannu. Ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Ya taka, na taka. Ya taka, na taka. Ya nemi na uku babu. Sarkinsa ya matsa.

"Ya mutu!" Baba Seidu ya buga cinya. "Malam, tashi a ba wani benci! Wannan ai dami ce, cale, me kuke ɓoye mana a cikin Turanci?"

Na ci wasan. Mai dariyar hanci ya ce biyu da ɗaya ne, Ticha ne ya yi nasara, wasa ɗaya ba ya wanke kowa. Gaskiyarsa. Ticha bai kula shi ba. Ya share allon, ya jera sojoji uku suna fuskantar uku, daidai yadda suka tsaya ranar Lahadin nan, daga kansa ya tuno. Na ɗauka ni zai tambaya. Sai ya juya wurin Baba Seidu ya ce ko ya taɓa buga ces. Baba ya ce yau ya fara ganinta, kuma bai ga abin burgewa ba. Ticha ya ce to in fararen sojojin nasa ne, me zai taka.

"A karkace suke ci?" Baba ya tambaye ni.

"A karkace, amma ba tsallake."

"Dole ne ya ci?"

"Ba dole. In bai ci ba kai ka ci shi."

"Yoo, ai dole ce ke nan."

Ya sa babban yatsa ya tura na tsakiya. Ticha ya ci. Ya tura na gefe. Ticha ya ci. Ya ɗauki na ukun ya buga shi gaba har allon ya yi tsalle, wannan karon ba wanda ya ce a hankali.

"Ka ba shi biyu ka wuce," in ji Baba. "Wannan ne kuka kori mutum a kansa? A bencinmu wanda bai ga wannan ba shi muke aika sayen ruwa."

Ticha ya sake duba allon. Sannan ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu ya ce ya zalunce ni, kuma yau ɗin nan zai rubuta a dandali a mayar da ni. Na ce masa rubutu bai ishe ni ba. Na gaya masa yadda maganarsa ta sauya kaya a hanya, da abin da ake kiran 'ya'yana, da gidajen da suka sallame ni. Bai san ko ɗaya ba, na ga fuskarsa ta canja. Na ce waɗanda suka daina yarda da ni ba sa cikin dandalinsa, a gindin bishiya suke. In zai gyara, ya zo ya gyara da baki inda kunnena da nasu za su ji.

Ajara ta ce ba zai zo ba, manyan Adabraka ba sa shiga lungunmu. Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da benci ya fi cika, sai ga dattijon nan da farar riga da laima yana tsallake kwata a hankali, yana tambayar inda masu dami suke. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya cire hula. Ya yi magana da Tonanci, Baba Seidu na juyawa Hausa yana ƙara gishiri. Ya ce shi ne ya fara maganar. Ya ce wasa ne na allo, ba kuɗi a ciki, ba Bature. Ya ce mutumin nan ya cinye shi da kansa, shi kuma girman kai ya hana shi yarda mahauci zai iya, ko da yake a lokacin bai ma san mahauci ba ne, ya dai ƙi yarda akwai wanda zai ga abin da shi bai gani ba. Ya ce shekara arba'in yana koyar da ƙidaya, ga wanda ya fi shi ƙirga taku. Ya nemi gafarata a gaban kowa. Na yafe masa a gaban kowa. Baba Seidu ya ja shi ya zaunar a benci ya ce ba a zuwa nan a tafi ba a sha kashi ba. Suka cinye shi sau uku a jere, aka yi masa rakiyar ihu har bakin titi, yana dariya yana riƙe da tabarau. Har yau yana zuwa wata Juma'ar, ni kuma ina zuwa barandarsu wata Asabar. Ya koya mini buɗi na biyu, ban riƙe ba.

Ba kowa ya dawo ba. Akwai gidan da har yau wani ke raba musu, akwai kuma masu kirana Alhaji Sakawa in suna son tsokana, ina amsawa. Amma ranar, bayan Ticha ya hau trotro mutane sun fara watsewa, Alhaji Mumuni ya matso kusa da ni yana gyara hula. Wannan karon ni ya kalla.

"Awudu, ranar Sallah ƙarfe nawa za ka iso?"

"Wanda yaran suka samo fa?"

"Yara ai yara ne. Bar wannan."

"Zan zo, Alhaji," na ce. "Bayan na gama da gidajen da ba su sallame ni ba. Ku sa naman a inuwa."